Ingila 4, Pakistan 3: laifin Babar da Rizwan ne ko na 'yan tsakiya?

Ɗalibin Lahore:
Assalamu alaikum 'yan gida. To jiya 2 ga Oktoba 2022 dai an rufe jerin wasannin kurket bakwai, Ingila 4 Pakistan 3, kuma gani ya kori ji don ina cikin filin Gaddafi da kaina, abokin ɗakina ne ma ya saya min tikiti wai in zo in ga yadda za su yi wa Turawa wankin babban bargo sai ga shi reshe ya juye da mujiya. Ingila ta tara 209, Malan 78 ba a fitar da shi ba, Brook 46 shi ma haka, kuma Babar da hannunsa ya zubar da ƙwallo har sau biyu irin wadda ko yaron unguwa zai cafe. Da aka zo bugun Pakistan, Babar da Rizwan ne masu buɗe bugu kafin 'yan tsakiya, Babar ya fita da maki 4 Rizwan ya bi shi da 1, shi ke nan fili ya yi tsit kamar gidan makoki, tun wasa bai yi nisa ba mutane suka fara sulalewa. 142 suka ƙare da shi. Abin da zan faɗa na san Yaya Baban Sadiq ba zai ji daɗinsa ba amma ƙungiyar nan mutum biyu ce kawai, in suka faɗi babu kowa a baya.

Baban Sadiq Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ban ga abin rashin jin daɗi ba, maganar da nake yi tun Kofin Asiya ke nan, kai ne dai yau ka iso. Amma ka lura da abin da bakinka ya faɗa, in mutum biyu ne ke ɗauke da ƙungiya to laifin na sauran tara ne, ba na biyun ba. Nan wurin aikinmu yau ko gaisuwar kirki ba a yi ba, direban da muke tare da shi mutumin Peshawar ne tun safe yake zagin masu zaɓen 'yan wasa da yarensu, ban ji me yake cewa ba amma na gane ba addu'a ba ce.

Mai Shayin Kwana:
Don Allah ku yi haƙuri, ni fa ƙwallon ƙafa aka sa ni a gurup ɗin nan dominta. Wane irin wasa ne ake cin 209? Raga nawa ce a filin?

Malam Na Zariya:
Ɗana babu raga. Bari in taƙaita maka. Mutum sha ɗaya sha ɗaya ne kamar ƙwallonku. Ɓangare ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗayan na bugu da sanda, mutum biyu a lokaci guda. In ka buga ƙwallo kuka yi gudu kuka canja wuri kai da abokinka maki ɗaya ke nan, in ta gangara ta taɓa igiyar bakin fili huɗu, in ta tsallake a sama shida. Ana fitar da mai bugu in ƙwallo ta doki sandunan nan uku da ke bayansa, wato wiket, ko aka cafe ta a sama, ko aka riga shi isa layi, da wasu hanyoyin. Jifa shida shi ne oba ɗaya. Wannan da suke magana a kai ana ce masa T20, kowane ɓangare oba 20 wato jifa 120, cikin awa uku da 'yan kai an tashi. Mu wanda muka koya a makaranta na fararen kaya ne, manyansa ana kwana biyar ana yi.

Mai Shayin Kwana:
Kwana biyar?? Baba Malam su ba su da sana'a ne

Malam Na Zariya:
Ita ce sana'ar. Kuma har hutun shan shayi ake yi a tsakiya, da kai ne da ka yi ciniki.

Maman Hanan Bradford:
Hhhh Baba Malam ka gama da shi. Barkanmu da yamma. Ni dai ku taya ni murna tukuna, kun san mu nan garin Adil Rashid na ƙungiyar Ingila ne ɗan gida. Amma Yaya Baban Sadiq ban yarda da lissafinka ba. Ka ce laifin tara ne, to yaushe taran suka samu ƙwallon bugawa? Jifa 120 ne kacal. Ranar wasa na huɗu Rizwan shi kaɗai ya cinye jifa 67 ya kawo 88, fiye da rabin abincin gidan ke nan mutum ɗaya ya ci, sai a turo Asif Ali saura ƙwallo biyu uku a ce ya yi abin al'ajabi. Ranar da manyan suka faɗi da wuri kuma sai a tura yaran da ba su saba tsayawa ba a ce su gina gida daga tushe. Ka dubi wasa na shida, fili ɗaya dare ɗaya, Babar 87 a jifa 59, Phil Salt 88 a jifa 41. Maki kusan ɗaya amma bambancin jifa 18, oba uku cur. Shi ya sa Ingila ta cinye 170 ɗin tun ana oba ta 15 kowa ya tafi ya kwanta.

Baban Sadiq Jidda:
Hajiya ai kin taimake ni ba ki sani ba. Wasa na huɗun da kika kawo waye ya ci? Pakistan, da maki 3. Na biyar da aka fitar da su duka a 145, Rizwan ne ya kawo 63 a ciki, cire shi ki ga me ya rage, kuma nan ma su suka ci da maki 6. Na biyu kuwa ba sai na faɗa ba, Ingila ta ajiye 199 suka zo su biyun nan suka cinye 203 ba a fitar da ko ɗaya ba, Babar 110 Rizwan 88. Wato duk wasa ukun da aka ci da guminsu aka ci. Rizwan maki 316 a wasa shida, babu wanda ya kamo shi a duka ɓangarorin biyu. Mutumin da ya san in ya faɗi gini zai rushe dole ya taka a hankali, ba tsoro ba ne sanin gida ne.

Maman Hanan Bradford:
Yaya masu jifa ne suka ci maka na huɗu da na biyar ba Rizwan ba. Ka manta Liam Dawson ya kwashi 24 a oba ɗaya ta Hasnain har saura maki biyar Ingila ta ci? Haris Rauf ne ya zo ya cire mutum biyu a jere, sannan Shan Masood ya jefi wiket aka fitar da Topley. Da ƙyar na sha ke nan. Na biyar kuma yaron nan Aamer Jamal ranar ce farkon sa rigar ƙasa, aka miƙa masa oba ta ƙarshe Ingila na neman 15 ga Moeen Ali a gabansa ya riga ya yi zafi, yaro ya riƙe. In kullum sai masu jifa sun yi irin wannan kafin ka ci to makinka ne bai isa ba.

Ɗalibin Lahore:
Anti na tare da ke a nan. Kuma ba yau aka fara ba, wasan ƙarshe na Kofin Asiya a Dubai watan jiya Rizwan 55 a jifa 49 ana bin 171, kafin ya fita abin da ake nema a kowace oba ya fi ƙarfin kowa, Sri Lanka ta ɗauke kofi. A hostel ɗinmu kullum faɗan ke nan, rabi na cewa Babar sarki ne kar a taɓa shi rabi na cewa don kansa yake bugawa. Ni ban ce don kansa yake yi ba, amma oba shidan farko da doka ta ce mutum biyu kawai za su tsaya nesa, lokacin ne ake kwasar ganima, Ingila na shiga da hauka su kuma suna shiga da lissafi.

Baban Sadiq Jidda:
Ingila na shiga da hauka saboda in Salt ya faɗi akwai Hales, akwai Malan, akwai Duckett, akwai Brook, akwai Moeen, har mai lamba takwas yana iya buga shida. Ranar wasa na uku Brook 81 a jifa 35, Duckett 70, suka tara 221. Ba ni Brook ɗaya a tsakiyar Pakistan ka ga ko Babar ba zai saki hannu ba. Khushdil me ya yi? Haider Ali me ya yi? Iftikhar da suke ce wa Chacha, wato baffa, shi ma sai a hankali. Shan Masood ne kaɗai ya ɗan yi abin kirki shi ma sai bayan wasa ya riga ya lalace. Sannan kar ku manta babu Shaheen Afridi, gwiwa ta hana shi.

Maman Hanan Bradford:
Mu ma babu Stokes babu Livingstone babu Bairstow, Buttler kyaftin ya zo amma ko sau ɗaya bai buga ba yana jinyar ƙafa. In za a kawo uzuri kowa na da buhunsa.

Admin:
Jama'a a ci gaba amma banda zafi. Wanda ya turo tallan data na goge, a kiyaye.

Malam Na Zariya:
Na bar ku kun yi ta lissafin jifa, duk kuna da gaskiya ta wani gefen, ko da yake ni na fi karkata ga Hajiya, a wasan jifa 120 wiket ɗin da ka ajiye ba ka kashe ba ba ta da amfani, kamar mutum ne ya mutu ya bar kuɗi a ƙarƙashin katifa. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai daban ne. Ku yara ba ku san nauyin ganin Ingila a Karachi ba. Rabonsu da ƙasar tun 2005, shekara 17. A watan Maris na 2009 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Sri Lanka wuta a Lahore a kan hanyarsu ta zuwa wannan filin da ɗana ya zauna jiya, 'yan sanda shida suka mutu da wasu mutum biyu, 'yan wasa suka ji rauni, da jirgi mai saukar ungulu aka kwashe su daga tsakiyar fili. Daga ranar Pakistan ta koma karɓar baƙi a Dubai da Abu Dhabi da Sharjah, wai nan ne gida, kujeru fanko. Yaro ya tashi ya girma bai taɓa ganin gwaninsa ido da ido ba. A cikin manyan ƙasashen wasan, Zimbabwe ce ta fara ƙarfin halin zuwa a 2015. Bara ma New Zealand sun zo har Rawalpindi, ranar da za a fara wasa suka ce an ba su gargaɗin tsaro suka tattara suka tafi, kwana kaɗan Ingila ita ma ta janye tata ziyarar, Ramiz Raja shugaban hukumar kurket ta Pakistan a lokacin ya yi ta faɗa kamar zai ari baki. Wasa bakwai ɗin nan da kuka gani har da biyan bashin waccan janyewar a ciki. Mu da muka san yadda rashin tsaro ke sa baƙo ya daina zuwa garinka, har ɗan'uwanka ya riƙa ce maka mu haɗu a Abuja, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ɗalibin Lahore:
Wallahi Baba Malam haka ne. Tsaron da aka yi musu irin na shugaban ƙasa ne, in za su fito daga otal rufe hanya ake yi gaba ɗaya, ranar Laraba na fi awa ɗaya a cikin keke napep ɗinsu ban motsa ba, mai keken na ta masifa amma da na ce masa to a daina kawo baƙin mana sai ya harare ni ya ce a'a su zo, shi dai a canja musu hanya. Shiga fili kuwa an caje ni ya kai sau huɗu har cajar waya suka karɓe. Kuma kuɗin ƙofa na wasan farko an ce na waɗanda ambaliya ta shafa ne, kun san ruwan da ya ci Sindh bana, kamar dai abin da ake fama da shi a Jigawa amma nasu ya fi faɗi.

Mai Shayin Kwana:
Tsaya, filin Gaddafi kake ta cewa. Gaddafin da na sani na Libiya?

Malam Na Zariya:
Shi fa. Ya je taron ƙasashen Musulmi a Lahore a 1974 ya yi jawabin goyon bayan Pakistan, aka sa wa filin sunansa, har yau ba a canja ba.

Mai Shayin Kwana:
Ikon Allah. To ni yanzu na zaɓi ɓangare, ina bayan masu filin Gaddafi.

Maman Hanan Bradford:
Ka zaɓi wahala ƙanena. Wani abin da ya burge ni shi ne Moeen Ali ne ya ja Ingila a matsayin kyaftin, haifaffen Birmingham amma kakansa daga can ya taso ya zo Ingila. Maƙwabtana nan rabinsu 'yan asalin Mirpur ta Kashmir ɓangaren Pakistan ne, gida ɗaya sai ki ga uba na bayan Pakistan ɗa na bayan Ingila, uwa kuma ta ce ita dai Moeen da Adil take yi wa addu'a ko wa suke bugawa. Adil ma bana ya yi aikin Hajji, hukumar ta ba shi hutu ya bar wasannin Indiya ya tafi.

Ɗalibin Lahore:
Anti Moeen ɗinku ya tsokano tsuliyar dodo fa, an tambaye shi abinci ya nuna na Karachi ya fi masa na Lahore daɗi. Mutanen garin nan sun yafe masa cin kofi amma wannan ba za su yafe ba, ka taɓa abincin ɗan Lahore kamar ka ce wa Bakano kilishin wani gari ya fi nasa ne.

Baban Sadiq Jidda:
Gaskiya ya faɗa, biryanin Karachi ba sa'an kowa ba ne, masu dafa mana a nan 'yan can ne.

Mai Shayin Kwana:
Wai mu Najeriya muna da ƙungiyar wannan abin kuwa ko sai kallo

Admin:
Muna da ita, Yellow Greens ake ce musu. Bara a watan Oktoba Saliyo ta zo Legas aka yi irin wannan jerin wasa shida, muka ci biyar suka ci ɗaya. A ciki ne Peter Aho ya fitar da mutum shida ya ba da maki 5 kacal, ya karya tarihin da Deepak Chahar na Indiya ya kafa a 2019 na shida da maki 7. Yaranmu 'yan ƙasa da 19 ma sun je Kofin Duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Kawai dai ba a nunawa ne a gidan kallo.

Mai Shayin Kwana:
Ɗan Najeriya ya kafa tarihin duniya ban sani ba, amma na san sunan mai tsaron gida na uku a Arsenal. Allah ya shirye ni.

Baban Sadiq Jidda:
Mu dai bar shi a nan, Kofin Duniya saura sati biyu a Ostireliya. Shaheen zai dawo. Hajiya ki ajiye wannan saƙon, in aka sake haɗuwa za ki ga bambanci.

Maman Hanan Bradford:
Na ajiye Yaya, har na ɗauki hotonsa.

Maman Hanan Bradford:
Assalamu alaikum. Yau 13 ga Nuwamba na zo tono tsohon zance. Yaya Baban Sadiq kana kusa? An sake haɗuwa fa, a Melbourne, wasan ƙarshe.

Baban Sadiq Jidda:
Ina nan Hajiya, ban gudu ba. Barka, kun ci. Amma ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya, da Shaheen bai ji ciwo ba wajen cafe ƙwallon Brook da labari ya canja. Ya dawo ya yi jifa ɗaya ya kasa, aka ba Iftikhar ya ƙarasa obar, Stokes ya samu huɗu da shida a nan wasa ya tafi. Ta leƙo ta koma. Mutanen nan tun jiya suke ce min 1992 ce ta dawo, fili ɗaya abokan karawa ɗaya kamar lokacin da Imran Khan ya ɗaukar wa Pakistan kofi, ga shi an sha kashi hannun Indiya da Zimbabwe an zo an tsallake saboda Holan ta doke Afirka ta Kudu, kowa ya ce rubutacce ne. Yau direbanmu ko zagin ma bai yi ba, shiru kawai.

Maman Hanan Bradford:
Na yarda ciwon Shaheen ya taimaka mana, na ji tausayin yaron wallahi, kuma Haris Rauf da Naseem Shah sun sa na kasa zama a kujera. Amma 137 Yaya. A wasan ƙarshe na duniya. Rizwan 15, Babar 32 a jifa 28 har Adil ya jefa masa wadda ta ruɗe shi ya cafe da kansa. Sam Curran mutum uku da maki 12. Maganar da muka yi a Oktoba ce ba ta canja ba, masu jifa ake bar wa dutse su ɗauka.

Baban Sadiq Jidda:
To wasan kusa da na ƙarshe fa da New Zealand, su wa suka tara 105 tare suka kai ƙungiya Melbourne?

Ɗalibin Lahore:
Yaya su ne, amma wanda ya farkar da ƙungiyar Mohammad Haris ne, yaron da aka jarraba sau ɗaya a wasa na shida da Ingila aka ajiye, ba don Fakhar Zaman ya ji ciwo ba da yana benci har yau. Ya shigo da Afirka ta Kudu ya yi 28 a jifa 11 ba ya tsoron kowa. Irinsa muke cewa a ba dama tun farko. Nan hostel an kashe talabijin tun kafin a miƙa kofi, wani ya cire rigarsa kore ya goge takalmi da ita, anjima kuma na ga ya wanke ta ya shanya.

Malam Na Zariya:
Ni abin da na gani bayan an tashi, Buttler ya dakatar da murna aka ɗauki hoto da kowa tukuna, ya bari Moeen da Adil suka matsa gefe sannan aka fara fesa giya. Wata mai zuwa kuma Ingila za ta koma Pakistan wasan kwana biyar har guda uku, wannan shi ne nawa, a nan za a ga mai haƙuri.

Mai Shayin Kwana:
Na tashi tun tara na safe na kalla a waya data ta ta ƙare ana oba ta 16. Wato daga zaɓar ɓangare har an fara ba ni hawan jini. Baba Malam wannan na kwana biyar ɗin ƙarfe nawa ake farawa, kuma da gaske ake hutun shayin ko tsokanata kake?

Malam Na Zariya:
Da gaske ne, minti ashirin. Agogonmu kuma da asuba za a fara, ka ɗora tukunya da wuri.